Kura da shan bugu: gabar ƙasashe da son kyan fuska suna cinye haƙƙin 'yan wasa

Ranar 22 ga Yulin 2025, a birnin Kasabulanka, Super Falcons ta Najeriya ta doke Banyana Banyana ta Afirka ta Kudu da ci 2 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka ta mata. Rasheedat Ajibade ta fara ci da fenareti dab da hutun rabin lokaci, Linda Motlhalo ta farke ita ma da fenareti, sannan ana shirin tashi Michelle Alozie ta aiko wata doguwar ƙwallo da ta wuce kowa ta faɗa raga. Wasa ne da mai son ƙwallo zai kwana yana tattauna shi.

Abin da na yi ta cin karo da shi a Facebook bayan an tashi ya sha bamban da haka. Hotuna ake jerawa. A ɗauko tamu da ta ci kwalliya a sa a dama, a ɗauko tasu da aka kama tana tsakiyar gudu sharkaf da gumi a sa a hagu, a rubuta wai mun fi su ƙwallo, mun kuma fi su mata. Wasu har da tambayar ko an tabbatar duk mata ne a wancan ɓangaren. A wasan nan ne fa Gabriela Salgado ta Afirka ta Kudu ta ji mummunan rauni a ƙafa, har 'yan Falcons suka bi ta asibiti dubiya. Waɗanda suka gwabza sun san darajar juna. Mu 'yan kallo ne muka koma awon hanci da faɗin kafaɗa.

Matsayina a fili yake. Gaba tsakanin ƙasashe a fagen wasa abu ne mai kyau, kuma ba na fatan ranar da Najeriya za ta haɗu da Ghana ko Kamaru a zauna kallo ba bugun zuciya. Amma iyakarta sakamako: wa ya ci, wa ya fi dabara, wa ya fi juriya. Da zarar ta tsallaka ta hau kan surar ɗan wasa, ko da yabo ko da zagi, ta zama hanyar karkatar da kuɗi da suna daga wanda ya yi aikin zuwa wanda ya fito da kyau a hoto. Mata ne kuma suka fi ɗanɗana kuɗarta.

Ta ina kuɗi ke shigo wa ɗan wasa

Ƙofofi huɗu ne. Akwai albashin kulob, akwai alawus da ladan wasa daga hukumar ƙasarsa, akwai kasonsa cikin kuɗin gasa, sai kuma talla. Ukun farko da aiki ake auna su: wasa nawa ka buga, minti nawa, ƙwallo nawa ka ci ko ka hana, zagaye na nawa ƙungiyarku ta kai.

Ta huɗun da wani ma'auni daban take tafiya. Kamfanin da zai ɗauki ɗan wasa talla yana duba yawan mabiyansa a Instagram, kaso nawa daga cikinsu ke taɓa abin da ya wallafa, a wace ƙasa suke zaune, kuma ko masu iya sayen kayan ne. A takardar kwantiragi za ka ga adadin hotunan da zai sa a wata, kwanakin da zai ba da don ɗaukar hoto, da sharaɗin kada a gan shi da kayan kamfanin da ake gogayya da shi. Ba za ka ga layin da ya ce a ƙara masa kuɗi don ya ƙwace ƙwallo sau goma a tsakiyar fili ba.

Misalin da ya fi fito da wannan a wasan tanis yake. Maria Sharapova ta Rasha da Serena Williams ta Amurka sun haɗu sau 22, Serena ta ci 20. Sau biyun da Sharapova ta yi nasara duk a 2004 ne. Manyan kofuna na Sharapova 5, na Serena 23. Duk da haka Sharapova ce mujallar Forbes ta sa a kan gaba cikin mata 'yan wasa mafiya samun kuɗi har shekara 11 a jere, sai a 2016 Serena ta wuce ta. A lissafin 2015, kuɗin tallan Sharapova dala miliyan 23 ne, na Serena miliyan 13. Sharapova doguwa ce fara mai farin gashi, irin siffar da masu tallan Turai da Amurka suka saba sayar da turare da agogo da ita. Ba wanda ya ce ba ta iya wasa ba, gwana ce ta gaske. Amma tazarar da ke tsakanin kuɗin nan biyu ba a filin wasa aka samo ta ba.

Kafin ita an yi Anna Kournikova, wadda ta yi ritaya ba ta taɓa cin kofin manyan gasannin mata na ɗai-ɗai ko guda ba, ko da yake ta kai ta 8 a duniya, ta kuma ci gasar Ostireliya ta bibbiyu sau biyu tare da Martina Hingis. A zamaninta sunanta ya fi na mata da yawa da suka tara kofuna.

Ɗaya fuskar abin ta fito a 2013, ranar da Marion Bartoli ta Faransa ta ci gasar Wimbledon. Mai sharhin BBC John Inverdale ya tsaya yana tunanin ko mahaifinta ya taɓa gaya mata cewa tunda ba za ta yi kyan Sharapova ba, to sai ta dage da wahala. BBC ta nemi afuwa. Mace ta kai ƙololuwar sana'arta, a ranar da ta fi kowace rana a rayuwarta, amma fuskarta ake wa sharhi.

"Kamfani kuɗinsa ne, ya ba wanda ya ga dama"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma akwai gaskiya a cikinta. Mai sayar da man shafawa ba alƙalin wasa ba ne. Ba kuma a wasanni kaɗai ake wannan ba. Masana tattalin arziki biyu, Daniel Hamermesh da Jeff Biddle, sun fitar da bincike a 1994 kan ma'aikata a Amurka da Kanada, suka gano cewa waɗanda ake ganin ba su da kyau suna samun ƙasa da matsakaita da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, kuma asarar da suke yi ta ɗan fi ribar da kyawawa ke samu. Halin ɗan Adam ne, ba dokar da za ta kankare shi.

Na yarda. Sai dai nauyin ƙofa ta huɗu ya danganta da yadda sauran ukun suke. Ɗan wasan da albashinsa ya ishe shi, talla ƙari ce gare shi. Wadda albashinta bai kai ba, ladan wasanta kuma ya maƙale, talla ita ce abincinta.

A duba lissafin. Kuɗin gasar kofin duniya ta maza a Katar a 2022 dala miliyan 440 ne. Na mata a Ostireliya da New Zealand a 2023 miliyan 110. A Afirka, Kodebuwa ta karɓi dala miliyan 7 da ta ci kofin maza a gidanta, Najeriya kuma ta karɓi miliyan 1 da ta ci na mata a Maroko, wannan ma bayan an ninka shi. A gida kuma tarihin a rubuce yake. A 2004 'yan Falcons sun ƙi barin masaukinsu a Afirka ta Kudu bayan sun ci kofi, saboda kuɗinsu. A 2016 sun dawo da kofi daga Kamaru suka zauna a otal a Abuja suka ƙi fita, har da tattaki zuwa Majalisar Tarayya. A 2019 an maimaita a Faransa, a 2022 kuma suka ƙaurace wa atisaye a Maroko.

A irin wannan yanayi, 'yar wasa biyu za su sa riga ɗaya, su sha rana ɗaya, a hana su ladan wasa tare. Ɗaya tana da kamfanoni uku da ke biyanta don hotonta, ɗayar ba ta da ko ɗaya. Ta farkon za ta iya ɗaukar mai kula da lafiyar jikinta, ta sayi abinci mai gina jiki, ta biya lauya ya duba mata kwantiragi. Ta biyun idan gwiwarta ta samu matsala, shi ke nan. Bambancin da ya fara daga fuska ya gangaro har cikin tsawon shekarun da kowace za ta yi tana wasa. Kamfani bai yi laifi ba, na ji. Hukumar da ta bar 'yan wasanta a hannun kamfani ita ce mai laifi.

Abin da FIFA ta yi a 2023 ya nuna akwai mafita. Ta ware wa kowace 'yar wasa kasonta da sunanta: dala 30,000 ga wadda ta tsaya a rukuni, 60,000 ga wadda ta kai zagayen 'yan 16 kamar Najeriya, har zuwa 270,000 ga zakaru. Wannan kuɗi bai san mai mabiya miliyan da mai mabiya dubu ba.

"Ai maza ma haka ne"

Haka ne, amma ba kai ɗaya ba. A 2003 Real Madrid ta sayo David Beckham, ta kwashi tawagarta ta yi rangadin Asiya ana sayar da riguna. A bazarar nan kuma ta sayar da Claude Makélélé ga Chelsea bayan ya nemi ƙarin albashi, mutumin da ke share wa taurarin gaba tsakiyar fili. Chelsea ta ci Firimiya a 2005 da 2006. Madrid ba ta sake cin La Liga ba sai 2007. Beckham ɗan ƙwallo ne na ƙwarai, amma lissafin kasuwa ne ya sa aka ga shi ya cancanci kuɗi, Makélélé bai cancanta ba, kuma fili ya ba su amsa.

Bambancin shi ne Makélélé ya tafi inda aka biya shi da kyau. Franck Ribéry da tabon da ke fuskarsa tun yana yaro ya ci kofuna a Bayern Munich, ya zo na uku a Ballon d'Or ta 2013. A wasan maza kasuwar ƙwarewa tana da faɗi, kuɗin cikinta ya isa ya rufe na talla. Kuma ban taɓa jin an kai ƙarar wani namiji gaban hukuma don a tuɓe shi a duba ko shi wane ne, saboda kawai kamanninsa ba su yi wa abokan karawarsa ba.

Inda gaba ke mayar da sura makami

A nan ne abin ya fi muni, kuma a nan nake son a dakata.

A 2009 a Balin, wata yarinya 'yar shekara 18 daga Afirka ta Kudu, Caster Semenya, ta ci tseren mita 800 na duniya cikin minti 1 da daƙiƙa 55.45. Elisa Cusma ta Italiya da ta zo ta shida ta gaya wa 'yan jarida cewa a wajenta wannan ba mace ba ce. Mariya Savinova ta Rasha da ta zo ta biyar ta ce a dube ta kawai. Shekara uku bayan haka Savinova ta riga Semenya a Olamfik ɗin Landan ta karɓi zinare. Daga baya aka tabbatar Savinova tana amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, aka ƙwace zinaren aka ba Semenya. Mai maguɗin gaske ta shekara da shekaru tana wucewa ba wanda ya zarge ta da ido, don kamanninta sun yi daidai da abin da ake tsammani.

A 2014 shugaban hukumar tanis ta Rasha, Shamil Tarpischev, ya kira Serena da yayarta Venus da "'yan'uwa maza" a wani shirin talabijin. Hukumar tanis ta mata ta ci shi tarar dala 25,000 ta dakatar da shi shekara guda. A 2021 Iran ta doke Jodan da bugun fenareti a wasan neman shiga gasar Asiya ta mata, mai tsaron ragar Iran Zohreh Koudaei ta tare biyu, sai hukumar ƙwallon Jodan ta rubuta takarda tana neman a binciki jinsinta.

Kada mu yi saurin nuna yatsa, laifi tudu ne. A 2008 Ikwatoriyal Gini ta fitar da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe ta ci kofin Afirka na mata, karon farko da ya kuɓuce mana. Da aka sake haɗuwa a gasar 2010, hukumar ƙwallon Najeriya ta kai ƙara gaban hukumar ƙwallon Afirka, CAF, kan jinsin wasu 'yan wasan ƙasar, cikin waɗanda aka riƙa ambata har da kyaftin ɗinsu Genoveva Añonma. Ita Añonma ta faɗa wa BBC daga baya cewa tun bayan gasar 2008 an sa ta tuɓe tsirara a gaban jami'ai don ta tabbatar ita mace ce. Matar nan ta buga kofin duniya na 2011, ta fi kowa cin ƙwallo a gasar Jamus da ƙungiyar Turbine Potsdam, ta zama gwarzuwar Afirka a 2012. Amma a bakin mutane da yawa har yau, zargin ake fara tunawa kafin ƙwallayen.

A lura da inda zargin yake fitowa. Kusan kullum daga ɓangaren da ya sha kashi ne, ko wanda ke tsoron sha. Kusan kullum kuma a kan mace mai gajeren gashi, mai faɗin kafaɗa, mai kaurin murya, kuma sau da yawa baƙar fata. Ba a cika zargin wadda ta zo ta ƙarshe ba.

Mu da kanmu mun san ɗacin a yi shakkar ɗan ƙasarka. A 2022 da Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a Amurka, tsohon ɗan tsere Michael Johnson ya nuna shakku kan agogon da aka auna tseren. 'Yan Najeriya suka yi masa ca. Agogo kawai ya taɓa muka ji zafi haka. Ina ga wadda aka taɓa mata asalin halittarta a gaban duniya, iyayenta na ji?

Za a ce ai akwai matsala ta gaske, akwai masu halittar da ta bambanta, kuma sauran mata suna da haƙƙin a yi musu adalci. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Amma magana ce ta likitoci da dokar gasa. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya, alal misali, ta fara daga 1 ga Satumbar 2025 gwajin ƙwayar halitta sau ɗaya a rayuwa, ta hanyar shafo cikin kumatu ko ɗibar jini, ga duk macen da za ta shiga manyan gasanninta. Ana muhawara kan ingancinsa, kuma muhawarar tana da tushe. Abu ɗaya dai da ba a iya musawa: kowa ake yi wa, kafin gasa, a ɓoye. Ba a jiran sai wata ta ci tukuna a ɗauko hotonta a tambayi jama'a ra'ayinsu.

"Wasa ne kawai, tsokana ce"

Tsokana tana da gurbi, mu ma al'adarmu ta san ta. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, kowa ya san yadda ake yi. Amma wasan taubasai yana da ƙa'ida: tsakanin mutum biyu ne da kowa ke iya ramawa, kuma ba a taɓa abin da mutum ba shi ya yi wa kansa ba. A tsokani Ghana kan shinkafa dafa-duka, a tsokani Afirka ta Kudu kan fenaretin da suka zubar a Buwake a Fabrairun 2024, su ma su tuna mana ranar da Ghana ta hana mu zuwa Katar a filin Abuja. Wannan duk daidai ne. Yarinyar da aka sa hotonta mutum dubu hamsin suna dariyar fuskarta ba ta cikin wasan, ba ta da bakin ramawa, kuma gobe wakilin kamfani zai buga sunanta a intanet ya ga abin da ya fara fitowa.

Yabon ma ba lafiya ba ne kamar yadda ake zato. A ɗauki wasan Najeriya da Ingila a Birisben ranar 7 ga Agustan 2023. An yi minti 120 ba ci, Ingila ta wuce da fenareti 4 da 2. Lauren James ta taka bayan Michelle Alozie aka ba ta jan kati, hoton ya zaga duniya, daga nan sunan Alozie ya cika shafuka, yawanci kan kyanta. Matar nan ta yi karatun kimiyyar halittu a jami'ar Yale, a lokacin tana aikin binciken cutar daji a wani asibitin yara a Texas, tana kuma tsare baya. Mai yabon fuskarta kaɗai ya rage mata.

Ya kuma rage wa wasu. A wannan gasa mai tsaron ragarmu Chiamaka Nnadozie ta tare fenaretin Christine Sinclair ta Kanada, wadda ta fi kowa cin ƙwallo a tarihin wasannin ƙasa da ƙasa, kuma a wasa uku cikin huɗu ba a zura mata ko ɗaya ba. Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, ita ta manne wa Lauren James ta hana ta numfashi. Mutum nawa ne a Kano ko Kaduna za su gane Ayinde in sun gan ta a hanya? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yadda abin ke ginuwa ba ɓoyayye ba ne. Manhajar sada zumunta tana ƙara tura hoton da aka fi taɓawa. Mai shafin wasanni ya ga hoton wance ya kawo masa mutane ninki goma, gobe ya sake sa ta. Mabiyanta su ƙaru, kamfani ya ga adadin ya kira ta. Ba wanda ya zauna ya ƙulla zalunci, amma a ƙarshen wata an yi shi.

"Kyau ne ke jawo 'yan kallo"

Wannan tunani ya daɗe a kan manyan kujeru. A 2004 Sepp Blatter, yana shugaban FIFA, ya ba da shawarar mata su riƙa sa wando mai ɗame jiki don a ƙara kallonsu. A 2011 hukumar badminton ta duniya ta so ta wajabta wa mata siket, surutu ya sa ta janye. A 2021 aka ci tawagar matan Norway ta ƙwallon hannu na bakin teku tarar yuro 1,500, wato 150 kowace, don sun sa gajeren wando maimakon ɗan kamfai da doka ta ce faɗin gefensa kada ya wuce santimita 10. Kafin shekarar ta ƙare an sauya dokar.

Haka a wajen kyamara. Daraktan da ke zaune gaban alluna da yawa shi ke zaɓar abin da duniya za ta gani. A kofin duniya na 2018 a Rasha sai da FIFA ta ja kunnen masu watsa wasa kan yawan nemo kyawawan mata cikin 'yan kallo, kamfanin hotuna na Getty kuma ya sauke wani jerin hotuna da ya yi na irin wannan ya nemi afuwa.

Abin da ya cika filaye kuwa ba shi ne wannan ba. Mutum sama da dubu 91 suka shiga Camp Nou a 2022 don kallon matan Barcelona da Real Madrid, da riga da wando irin na kowa. Abin da ya kawo su gaba ce ta gaske tsakanin ƙungiyoyi biyu, da tikiti mai sauƙi, da ƙwallo mai kyau. Wasan ƙarshe na kofin Afirka na mata a Rabat a 2025 da Najeriya ta taso daga ci 2 da nema ta doke Maroko 3 da 2 ta ɗauki kofi na 10, ba wanda ya tashi daga gaban talabijin, kuma ba don kwalliya ba.

Akwai kuma asarar da masu wannan hujja ba sa lissafawa, wadda ta fi shafar mu. Uba a Katsina ko Maraɗi da ke tunanin ko ya bar 'yarsa ta shiga ƙungiyar makaranta, abin da yake gani a waya shi ke yanke masa hukunci. In ya ga ana rarraba 'yan wasa gida biyu, waɗanda ake sha'awar jikinsu da waɗanda ake kira maza, ba gidan da zai so 'yarsa ta faɗa. Zai ce a'a, kuma da wuya a ga laifinsa.

Alhali doka ta riga ta buɗe ƙofa. An hana ɗankwali a ƙwallon ƙafa a 2007, har matan Iran suka rasa wasan neman shiga Olamfik a 2011 saboda shi, amma tun 2014 an halatta. Hukumar ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017. Doaa Elghobashy ta Masar ta buga ƙwallon raga ta bakin teku a Olamfik ɗin 2016 da hijabi da dogon hannu. Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da hijabinta. Ƙa'idar a ƙwallon ƙafa mai sauƙi ce: ya zama baƙi ko launin rigar, kada a haɗe shi da rigar, kada ya kasance da abin da zai ji wa mai shi ko wata ciwo. Dogon wando na ciki kuma ya dace da launin gajeren. Malaman wasanni da yawa a makarantunmu ba su san wannan ba, iyaye balle. Hukumomin wasanni na jihohin Arewa da na jihohin Nijar za su iya buga wannan a takarda ɗaya da Hausa su raba wa makarantu, su kuma sa shi cikin odar kayan wasan da suke saye, maimakon a kawo gajerun wanduna kaɗai a ce wadda ba ta so ta koma gida.

Ga hukumar ƙwallo kuma, a rubuta ladan kowane wasa da ranar biyansa kafin tawaga ta tashi, kowace 'yar wasa ta sa hannu ta riƙe kwafinta. In kamfani ya ɗauki nauyin tawagar ƙasa yana son fuskoki a allon talla, kuɗin hoton ya shiga asusu ɗaya a raba wa duk waɗanda aka gayyata, kuma a riƙa juya waɗanda ake sawa, kada a dawwama kan mutum uku. Wadda ta samu tallan kanta da sunanta, Allah ya sa albarka, nata ne. Amma rigar kore da fari ta su duka ce, har da mai tsaron raga ta uku da ba ta taɓa ƙwallo ba a gasar.

Masu shafukan wasanni da Hausa su ma suna da nasu. Kafin a sa hoton 'yar wasa, a rubuta a ƙasansa abin da ta yi a fili: lambar da ta buga, wadda ta tsare, ƙwallon da ta ba da aka ci. In an duba ba a sami abin rubutawa ba, to akwai wata a tawagar da ta fi ta cancantar wurin a wannan rana. Sharhin da ya kira 'yar wata ƙasa namiji kuma a goge shi, ko da shi ya fi kawo mutane.